Shawarar Da Na Yanke Kan Karatun Jikarmu

Zuwa ga maigidana, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinka, na zo maka da wata magana da na rasa wanda zan yi ta da shi.

Ɗanmu Nasiru ya samu aiki Kanada, zai bar Ingila. Ɗiyarsa Ummi, takwarata, ta kai shekara sha huɗu. Ya ce tunda ni da kai mun ƙare rayuwarmu da alli a hannu, in zaɓa mata: ta zauna Ingila wurin ƙanwar uwarta, ko ta bi su Kanada, ko ta dawo wurina nan Gwadangaji.

Na ɗauko takarda na ja layi uku, kamar yadda kake yi in za ka tsara darasi.

A Ingila, in yaro ya kai sha shida zai yi babbar jarrabawa, daga nan ya riƙe darussa uku ko huɗu kawai. Na san ba ka son wannan. Kullum cewa kake, "Yaron da bai gama sanin kansa ba, ta ina zai san abin da zai bari?" A inda za su zauna Kanada kuwa, Nasiru ya ce aikin yaro na kullum ake tarawa har ya gama, ba rana ɗaya ke yanke masa hukunci ba. Mu nan ka sani, darussa tara, da aji cike har bakin taga.

Layinmu ya fi sauran tsawo, Malam. Na rubuta Islamiyya, na rubuta Hausa, na rubuta dangi. Kafin in gama ma na sa an share ɗakin da ke kusa da nawa, na sayo sabon gidan sauro.

Sai na kira Ummi a waya, kiran bidiyo. Ba ka riski wannan ba: kunnenta na hagu ba ya ji sosai. Cikin Hausarta mai tuntuɓe ta nuna mini wata 'yar na'ura da malamarsu ke ratayawa a wuya, maganar ta shiga kunnenta kai tsaye. Nasiru ya ce can Kanada ma sun yi alkawarin irinta.

Ka tuna Asabe, wadda muka koyar a firamaren Argungu? Shekara uku tana bencin baya muna ce mata daƙiƙiya, sai ranar da ka kira ta daga bayanta ba ta waiwayo ba. Ran nan ko tuwo ba ka ci ba. Yanzu tana sayar da albasa a kasuwa, in na ratsa sai ta cika mini leda, ni kuwa in kasa kallon idonta.

Na sake duba layinmu, na ga rabinsa ba don Ummi na rubuta ba. Gidan ne ya yi mini girma tun tafiyarka.

Na ce ta bi iyayenta. Nasiru ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa ƙwarai.

Jiya suka sauka. An turo mini hotonta cikin wata ƙatuwar rigar sanyi, tana dariya, da wushiryarka sak.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe mana abin da muka kasa gani a kan 'ya'yan mutane. Ya buɗe wa Ummi karatu, ni kuma Ya ba ni haƙurin jira.

Matarka,
Hauwa'u