Kaset ɗin da Na Goge

Baba, ina gaisuwa. Ya jiki? A gaida Inna da Auta.

Lafiyata ƙalau, ruwan wanke-wanken gidan abinci ne ya ɗan tsattsaga hannuna.

Ka tuna musunmu? Kai mawaƙin nan mai kakkausar murya kake so, ni kuma mai farin takalmi, har ina kiran naka tsohon yayi. To, ni na toshe ramin kaset ɗinka da takarda don ya ɗauki sabuwar waƙa, na naɗi waƙar gwanina a kai. Auta ta sha duka a kan laifina, ina tsaye na yi shiru.

Yau ko baiti ɗaya na mai takalmin ban riƙe ba. Waƙar naka nake rerawa ina aiki, kuma kullum a rabi nake tsayawa, daidai inda na goge.

Ku yafe mini, kai da Auta.

Ɗanka.