Na Ɓoye Hoton Ƙashin Goggo

Assalamu alaikum Malama, ke da masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe, don ni ma ban bar kaina na huta ba.

Ni malamar firamare ce a Dutse, kuma sakatariyar wata ƙungiyar mata masu fama da ciwon ƙashi da gaɓɓai. Da muka fara, a gindin darbejiya muke taro. Sai wani kamfani mai sayar da ƙwayar ƙarfafa ƙashi ya ɗauki nauyinmu, ya kama mana ofis, ya buga mana takardun wayar da kai, ya ba mu bas ɗin da muke kai marasa lafiya asibiti a Kano. Wallahi ba su taɓa cewa mu yi ƙarya ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Duk ƙauyen da muka shiga, da ƙwayarsu muke buɗe baki, da ita muke rufewa.

Da yake ina jin Fillanci, ni ake turawa rugage. Ta haka na jawo Goggo, yayar mahaifina da ta riƙe ni tun ina ƙarama, tana rugarmu kusa da Jahun. Ta daɗe tana ɗingishi tun da saniya ta ture ta wajen tatsa, sai na kai mata ƙwayar. Bayan wata biyu wakilin kamfanin ya biyo mu da rikoda, ya tambaye ta ko har yanzu tana jin ciwo. Malama, wace dattijuwar Bafulatana ce za ta faɗa wa baƙon namiji tana jin ciwo? Matar da ko a naƙuda ba a taɓa jin nishinta ba? Ta sunkuyar da kai ta ce ba ta jin komai, ni kuma na fassara. Na san fulako ne, kunya da dauriyar nan ta Fulani, ina kallon yadda ta dafe ƙugu a ƙarƙashin mayafi, amma na bar maganar a haka don na ga mutumin ya washe baki.

Yanzu hotonta ne a kalandarsu. An shirya babban taro a Dutse ranar Asabar, inda Goggo za ta tako daga ƙofa har kan dandamali ba sanda, ta ba da shaidar ta warke.

Makon jiya hankalina ya ƙi kwanciya, na kai ta asibiti aka yi mata hoton ƙashi. Likita ya ja ni gefe ya nuna mini tsagewa a ƙashin ƙugunta. Ya ce kada ta ƙara ɗora nauyi a ƙafar, don in ya ƙarasa karyewa, a shekarunta da wuya ta sake tashi. Da muka fito ta tambaye ni me ya ce, na ce mata sanyi ne. Ni, na yi wa matar da ta goya ni ƙarya! Hoton yana nan a ƙasan akwatina.

Na kai wa Hajiya shugabarmu maganar. Ta kalle ni ta ce, “Malama, 'yar tafiyar nan ce fa kawai. In suka janye, wa zai kai masu sikila Kano? Ke za ki goya su?” Ba muguwa ba ce, 'yarta ma tana cikin masu hawa bas ɗin.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a rediyo ba ya rabo da wa'azi. Shekaranjiya a kan shaidar zur aka yi, na miƙe na kashe. Ina jin kunya, kuma ina jin tsoro.

Jiya na koma ruga don in hana ta zuwa da dabara. Na tarar har ta sayar da man shanu ta ɗinka sabon zane. Na ce ko ta zauna, tafiyar da nisa. Ta kama hannuna ta ce, “'Yar nan, ke ce mai boko, ke kika ce maganin ya karɓe ni. In na ji zafi zan daure. Ba zan kunyata ki a gaban mutane ba.”

Yau Laraba. In na fito da hoton, bas ya tafi, Goggo kuma ta san na yi mata ƙarya. In na bar shi a akwati, na san za ta tako, ba kuwa za ta ce wash ba ko da ƙashin ya ɓalle. Jama'a, me zan yi?