Kwaɗon Randarki Ba Shi da Laifi

Zuwa ga amaryata, Kaka Adisa,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko kina raye ma, yaushe kika taɓa gane ajamina?

Bari in fara da laifina: ni na saka kwaɗo a randarki. Ihunki kawai nake son ji. Kwana uku kika kwanta da zazzaɓi, ba ki tashi ba. Duk unguwarmu ta Bulpiela aka ce kwaɗon Sule ne ya kashe ki. Kawu ya daina amsa gaisuwata. Ni ma na yarda, Kaka. Wata biyu ban tsokani ko akuya ba.

Sai Azumi ƙanwata ta kwanta da irin ciwonki, ita da ba ta taɓa shan ruwan randarki ba. A asibiti na samu Mista Ofori, wani Kirista ɗan kudu mai aikin gwaji. Ya ce ƙwayar cuta sai an kiwata ta kafin a san sunanta, kuma a yunwar bana abincinta ma ya ƙare a asibitin. Romon nama yake nema da jinin rago. Kin tuna ragonki na Sallah? Na ja shi ba sallama. Kwantar da hankalinki, da allura aka ɗiba, yana nan yana cin dusarsa.

Ya haɗa abin a farantan gilashi, ya daskare kamar romon ƙafar saniya. Ya shafa kashin Azumi a wasu, ruwan dam ɗin da duk muke sha a wasu. Bayan kwana biyu ɗigo-ɗigo suka tsiro. Ya rarraba su a ƙananan kwalabe masu sukari iri-iri: wannan ta koma rawaya, waccan ta madara ta ƙi canzawa. Ƙwayoyin nan masu tsirfar abinci ne kamarki!

Taifot ne, Kaka. Na jikin Azumi da na dam iri ɗaya. An ba ta maganin da ya dace, jiya ta cinye tuwo har da nawa. Yanzu kowane gida ana tafasa ruwa. Kawu da kansa ya kira ni ranar Juma'a, ya turo mini ƙwaryar abincinsa.

Da safen nan na saka wa Azumi ƙadangare a takalmi. Ihunta bai kai naki ba.

Allah Ya haskaka makwancinki.

Angonki marar jin magana,
Sule