Saura Falle Biyu a Bargon Masaƙiya

Da sunan Allah na fara. Ni mahaifiyarku ce nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba zafin ciwo ke magana ba, babu kuma wanda ya zauna kusa da ni yana faɗa mini abin da zan rubuta. Babba, Tsaf-tsaf, Auta, da ku uku nake.

Mutanen gida dai ga yadda suke. Gwaggonku lafiya lau, sai kukan gwiwa da ba ta rabuwa da shi. Matar Babba lafiya, ita ke kawo mini ruwan zafi kullum, Allah ya saka mata. Ƙaramar jikata tari ya sake ta, amma har yanzu ba ta cin abinci yadda nake so, ku sa mata ido. Ni ce ba lafiya. Likita ya daina canza mini magani, ya koma tambayata ko ina samun barci, ni kuma ba yarinya ba ce, na gane. Daga gado zuwa taga yanzu sai na huta a hanya.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne tun rasuwar mahaifinku, ba ni da ikon cewa a yi ko a bari a cikinsa. Duk abin da za ku karanta a kan gida roƙo ne, ba umarni ba. Kayan ɗakina a raba yadda Allah ya ce. In kun yarda, keken ɗinki ya tafi wurin Tsaf-tsaf, don ita kaɗai za ta riƙa share shi. Babu mai bina kuɗi, ba na bin kowa. Bashin da ke wuyana na auduga ne, shi ne kuma ya hana ni sakewa.

Na biyu. Ku san mutanen da kuke kira ƙawayen Asabar, domin ba ku taɓa zama kun tambaye ni su waye ba. Kun dai san suna cika muku tsakar gida da hayaniya da ɓawon gyaɗa.

Bayan mahaifinku ya tafi, kun tuna yadda na zama. Ina zaune gaban talabijin, ban san abin da ake yi a ciki ba. Auta ne ya ja ni makarantar manya, ina kuka ina cewa me tsohuwa za ta yi da fensir. Abu na farko da na karanta ni kaɗai, ba malami a kaina, wata takarda ce da aka manna a ƙofar shagon iri da abincin kaji, kusa da inda ake jiran mota. Na daɗe a tsaye ina haɗa baƙaƙen har mai shagon ya fito mini da kujera. Takardar ta ce masu kewar gona da aikin hannu suna haɗuwa ran Asabar a garejin da ke bayan shagon, kowa ya zo.

Na sa kayana mafi kyau na je. Na tarar da tsofaffi zaune a kan buhuna da bokitai, farcensu duk ƙasa. Malama, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce gidan biki na gaba ne, nan na masu datti ne. Aka yi ta dariya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai suka yi mini tambayar da suke yi wa kowane baƙo, wai me na baro a ƙauye da har yanzu nake mafarkinsa. Na ce ƙamshin ƙasa in ruwan farko ya sauka. Ba wanda ya yi dariya.

Dukansu a gidajen bene suke. Wannan na shuka tumatir a gwangwanin fenti, waccan na kiwon kaji biyu a baranda tana ɓoye su in mai gida ya zo. Akwai tsohon direba mai kiwon zuma a rufin wani sito, akwai mai yin sabulu. Da na ce ai ni ina da fili a bayan gida, ba abin da ke cikinsa sai ciyawa da igiyar shanya, sai duk suka juyo gare ni. Wata siririyar tsohuwa da ake ce wa Mai Kaɗi ta kama wuyan hannuna ta ce in maimaita. Tun ranar sunana ya koma Mai Ƙasa, taron kuma ya dawo gidan nan.

'Ya'yana, ban taɓa yin ƙawaye na kaina ba sai a wurin nan. Waɗanda na sani a da, matan abokan mahaifinku ne ko iyayen abokanku. Waɗannan kuwa ni suka sani.

Na uku. Ga yadda muke aiki, ku karanta a hankali. Mai Kaɗi ta zo da irin wata auduga da ke fitowa da launinta, ja-ja kamar ƙasar tukunya, ba ta bukatar rini. Daga garin kakarta ta samo shi, garin kuma yanzu yana ƙarƙashin ruwan dam, ba inda za a koma a roƙo. Ni nake shukawa in tsinka. Malama ta cire gurya ta shiɓe. Mai Kaɗi ta kaɗa zare. Masaƙiya ta saƙa falle-falle, mu haɗa mu ɗinke ya zama bargo. Bargo ɗaya yakan ci noman shekara biyu, wani lokaci fiye. Muka yi alkawari kowa sai ya samu nasa, bi da bi.

Masaƙiya ta sa kanta a ƙarshe. Muka yi ta faɗa da ita, ta ce ita aiki ke ɗumama ta, mu ragwaye mu fara. Kowa ya samu, ban da ita. Direba an lulluɓe shi da nasa a asibiti har ya cika. Mai sabulu ta tafi da nata garin ɗanta, ba mu ƙara jin ta ba. Nawa shi ne wanda 'ya'yan Babba ke rigima a kansa in sanyi ya zo. Mai Kaɗi ta rasu bara, mazarinta na hannun Malama yanzu, zarenta na fita da ƙulli-ƙulli amma yana riƙewa. Mu uku muka rage.

Na Masaƙiya ne a kan masaƙa. Saura falle biyu. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Tana zaune a ɗaki ɗaya ƙarƙashin matakalar bene, bangon na tsattsafo da ruwa, masaƙar ta cinye rabin ɗakin, tana kwana a gefe da wani siririn bargon kasuwa da ake hango haske ta cikinsa. Idonta na dama ya tafi, na hagu na bin sa. Ta ƙi sauke zaren daga masaƙa, ta lulluɓe shi da tsohon zane tana jiran audugata. Duk ran da ta zo duba ni, ba ta tambaya. Sai ta tsaya a taga ta dubi filin, ta ce mini jikina ya yi kyau. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na huɗu. Maganar irin, da faɗan Tsaf-tsaf da Auta. Bara ina asibiti ba a yi shuka ba. Irin yana cikin tukunyar ƙasa a ƙarƙashin gadona, cakuɗe da toka, domin haka muke ajiye shi kada ƙwari su ci. Tsaf-tsaf ta zo ta gyara mini ɗaki kafin a sallamo ni, ta ga tukunya cike da toka, ta juye a shara, ta wanke ta tas, ta sa mini furen roba a ciki. Auta, ka faɗa wa yayarka maganganun da ba a faɗa wa na gaba, kun kusa shekara ba ku gaisa. Ka je ka ba ta haƙuri. Duk wanda bai san aikin ba, toka zai gani. Tun tana ƙarama haka take, ko cokali ta gani a karkace sai ta miƙe shi, don haka ma muka sa mata sunan. Ke kuma 'yata, ki daina guje wa ɗakina. Kina tsayawa a bakin ƙofa kamar baƙuwa, kina aiko mini da lemo ta hannun yara. Ba lemo nake so ba. Furen yana nan, ban jefar ba.

Abin da ya tsira shi ne ɗan cikin tafin hannu da na ƙulle a gefen ɗankwali zan nuna wa wata mai jinya. Yana cikin kwalbar magani mai murfi ja, a aljihun tebur. Kada kowa ya wanke ta. Na gwada kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma, waɗanda suka tsiro ba su kai rabi ba. Iri na tsufa kamar mutum. In bai shiga ƙasa a daminar nan ba, baɗi ko an shuka ba abin da zai fito.

Na biyar. Babba, na ga buhunan siminti da ka jera a zaure, na ga yashi a ƙofar gida, na ji magini yana auna filin da igiya yana taka inda nake shuka. Na san ɗakuna kake so, yara sun girma, wuri ya yi muku kaɗan. Ba laifi ka yi ba. Ba cewa na yi kada ka gina ba. Damina ɗaya nake roƙo. Siminti zai jira in an rufe shi da leda a kan katako, na tambayi maginin da kaina. Na yi maka maganar sau biyu kana duba waya kana cewa za a gani. Na san za a gani ɗinka, irin na mahaifinka ne.

Na shida. In Allah ya taɓa zuciyar ɗayanku, ga aikin. Ba a shuka da ruwan farko, a bari ƙasa ta sha ta ƙoshi. A jiƙa irin ya kwana, a sa uku-uku a rami, zurfin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami taki guda. Gefen katangar gabas ya fi, can rana ke daɗewa. Kada a shuka farar auduga kusa, ko wani ya kawo kyauta, launin zai wanke. A tsinka da hantsi bayan raɓa ta bushe. Kafin a kai wa Malama, a ware guryar mafi kyawun itace a mayar cikin toka. Ba na jin akwai wanda zai sake shukawa, amma a ware.

Ina rubuta wannan ina dariyar kaina. Wa nake koya wa? Babba na fita tun asuba, Tsaf-tsaf ba ta son ƙasa a farce, Auta na can wani gari yana gyaran wayoyi a shagon da ko taga babu. Ni na tura ku makaranta don kada ku riƙe fartanya, addu'ata kuma ta karɓu. Ba ni da bakin kuka. Amma ina kwance ina jin yadda abin zai tafi: za a yi zaman makoki, a share zaure, magini ya dawo, kwalbar ta bi sauran kwalaben magani zuwa shara. Masaƙiya za ta ji ƙarar injin kwaɓa siminti daga bakin titi ta juya ta koma ɗakinta.

Na bakwai. Ko kun shuka ko ba ku shuka ba, kada ku rufe wa matan nan biyu ƙofa ran Asabar. A ba su tabarma da ruwan shayi, ko a zaure ne. Ba su da wani wurin. Masaƙiya ba ta shan sukari, za ta ce tana sha don kunya, kada a sa mata. Fartanyata da kwandon tsinka a bar su inda suke rataye har damina ta wuce, daga nan a ba wanda ya nema. Takardar nan ta ƙofar shago tana cikin littafin karatuna na farko, mai shagon ya ba ni da ta tsufa. A mayar wa Malama, ko za ta sake mannawa. Wataƙila akwai wata tsohuwa a wani ɗaki da ba ta san inda za ta je ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Babba, kai ne uba yanzu, ka riƙe ƙannenka, kada ka bari sai a makoki za ku haɗu. Ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya ko sau ɗaya ne a wata. Kada katangar da za a gina ta bi ta tsakaninku.

Asabar ta farko a watan gobe Masaƙiya da Malama za su zo, magini kuma ya ce Litinin ɗin da ke biye zai fara. Ran Asabar ɗin dole in dubi Masaƙiya in faɗa mata ko ta ci gaba da jira, ko ta sa almakashi ta yanke zaren ta haɗa abin da ya samu. Na taɓa auna bargon da hannuna, in ta rufe kafaɗa ƙafafunta na waje. Ku ba ni amsa kafin wannan Asabar, kowa da hannunsa, kada a aiko yaro da saƙon baki. Ko a'a ce ku rubuto, manya-manya yadda zan gani. Na iya karanta ta yanzu.

Mahaifiyarku