Gishirin Siddiq

Kagara, Goronyo

Ɗiyata Mahbuba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya a Rabah. Malam Andrawus na firamare ke rubuta mini, kamar kullum.

Ƙanenki Siddiq ya rame, ya yi baƙi har dasashi. Ranar fadama ce, ba komi ba. Abin da ban so ba, lasar gishiri yake kamar akuya. Ban manta ba, gishiri da hawan jini sunka kashe baffanki Yari, don haka na kwashe gishirin gidan na kulle ɗakina. Matarsa Tani tana ta kukan asibiti. Na ce sai an yanke shinkafa.

Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Maccido

Kagara, Goronyo

Mahbuba,

Ina gaishe ki, Allah ya sa kuna lafiya. Mu kam ba lafiya.

Siddiq ya faɗi cikin shinkafa ran Talata. Tani ba ta tambaye ni ba, ta sa anka kai shi Sakkwato, na bi su. Sun ɗauki hoton cikinsa, sun tsakuri nama sun auna. Likita ta ce ciwon daji ne irin na kaluluwa, ya kama wasu 'yan tsoka biyu da ke bisa ƙoda. Shekarata saba'in da shida, na feɗe raguna ba iyaka, ban san da su ba. Wai su ke riƙe gishiri cikin jiki. Nasa sun lalace, jininsa ba hawa ya yi ba, sauka ya yi.

Mahbuba, ruwan gishiri na ga ana ɗura masa ta jijiya. Leda huɗu. Ni kuwa kwana arba'in ina hana shi, har ya roƙe ni gaban 'ya'yansa na yi masa tsawa.

Mi na yi? Ni da ake zuwa tambaya iyakar gonaki tun kafin dam, ni da na san ciwon da ya ɗauki kowa garin nan. Abin da na tuna shi ya cuci ɗana.

An fara magani, sun ce akwai fata, ba su yi alkawari ba. Da ya farfaɗo, hannuna kawai ya kama. Na kasa zama, na dawo gida.

Ki biyo ta nan ran Jumma'a kafin ki tafi wurinsa Sakkwato. Gishirin yana ɗakina, ƙullin ko kwancewa ban yi ba. Ki tambayi likita, in ta yarda ki ba shi. Ki ce daga Baba ne.

Ki yi masa addu'a, ni ma ki yi mini.

Mahaifinki,
Maccido