Jirgin da Mustafa Yake Gogewa

Yaya Habu,

Kada ka sa hannu a kowace takarda da ɗana Mustafa zai aiko maka. Da wannan na fara, don kada ka tsaya a gaisuwa.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali duka. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Maraɗi?

Ashe duk Asabar da yake cewa ya tafi unguwar Darrasa karatun hadisi, gidan adana tsofaffin jiragen sama yake zuwa, yana taya ma'aikata goge su. Da kaina na bi shi. Na same shi a ƙarƙashin wani jirgin gwaji mai tsinin baki, wai an ƙera shi don ya fi sauti gudu. Na leƙa mazaunin matuƙi, ƙunci kamar kabari. Dattijon da ke gadi ya ce, "Ya Hajja, masu fara tashi da irinsa ba su san ko za su sauko ba."

Mustafa na murmushi ya ce, "Umma, aikin da nake so ke nan."

Innalillahi! Maraya, ɗa tilo, ya ba da ransa don a ga ko ƙarfe zai tashi? Rai amana ce. Makarantar koyon tuƙin jirgi da yake son shiga tana buƙatar sa hannun waliyyi, shi ya sa zai neme ka.

Ku sa mu a addu'a, a gaida Inna. Ni ƙanwarka Hadiza na kulle fasfonsa a akwatina don kada ya yi tafiya ban sani ba. Daga yau, duk Asabar ni zan raka shi Darrasa, in zauna a ƙofa har malam ya tashi.