An Tsallake Lambar Babanku

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da jikokina. Mu ma da sauƙi, sai ƙafar nan tawa da ba ta jin magani.

Ka san tun da idon Babanku ya tafi, rediyonsa na oba-oba ne kasuwarsa, shi ne majalisarsa. Kullum da la'asar 'yan ƙungiyarsu suna kiran lamba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa, sannan a ɓarke da surutu. Na sha yi masa gorin ya fi sanin tarin wani tsoho na bayan dutse fiye da nawa.

To, sun sauke tsohuwar na'urar da ke kan tankin ruwa, wadda ke karɓar murya ta miƙa gaba. Sun sa ta dijital. Kowa na murna, wai magana tangaran. Mu da ke cikin kwari muka shiga uku. Tsohuwar ko da shuuu take yi, yana kasa kunne ya tsinto muryar mutum. Wannan kuwa ba ta san sassauci ba, ko ta kawo duka ko ta yi gum. Shugabansu ya ce taswira ta nuna layinmu yana cikin da'irar da na'urar ke kaiwa. Na ce ya zo ya gaya wa rediyon.

Don Allah ka yi musu magana, kai suna jin taka.

Mahaifiyarka,
Inna

Zuwa ga Autana,

Ina gaishe ka da kyau. Saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka.

Sun zo, ba zan ci haƙƙinsu ba. Wani mai walda a cikinsu ya ƙara wa eriyarmu tsawo, suka yi ta juya ta har rana ta yi zafi. Tudun da ke tsakaninmu da tankin ne ya tare mu, kuma ba za a kafa wata tasha saboda gida ɗaya ba. Suka sha ruwa, suka ce za su riƙa leƙowa. Har yau ban ga ƙeyar kowa ba.

Shekaranjiya bayan an ɗauke ruwan sama, sai ga muryoyi sun faɗo ɗakin raɗau. Ina wanke-wanke na yar da kwano na shigo. Ya gyara zama, ya gyara hula kamar za su gan shi, yatsansa a kan maɓalli. Mai kira ya kira lambar da ke gaban tasa, aka amsa. Sai ya wuce zuwa ta bayanta. A ƙa'idarsu, wanda ya daɗe bai amsa ba cire shi ake yi, don kada a ɓata lokaci. Babanku ya danna, ya faɗi lambarsa, ya sake faɗa da ƙarfi. Ba su ji ba, suna ta dariyar wani abu. Can muryoyin suka yanke.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya lalubo waya ya zare, ya ce in rufe rediyon da zane kada ya yi datti. Tun ranar bai ƙara tambayata ko la'asar ta yi ba. Abinci sai na yi da gaske. Tsoro nake ji, Auta, ina kallonsa yana ƙarewa kuma hirata ba ta isarsa.

Na ga ka ce za ka aiko da sabuwar na'ura. Kada ka aiko. Ka zo da kanka ka zauna kusa da shi, ka kira lambarsa, ya amsa.

Mahaifiyarka mai jiranka,
Inna